Ku Faɗa Musu An Kore Ni

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. Ranar da muka shigo makarantar horon nan suka karɓe wayoyinmu suka kulle, sai mun gama wata uku na horon. Biro da takarda kawai suka bar mana, kamar 'yan firamare.

Jikina lafiya lau. Raina ne a ɓace, kuma ku ne kuka ɓata shi.

Kin san aikin da aka ɗauke ni, sashen adana takardun sirri na gwamnati. Abin da ƙila ba ki sani ba shi ne ɗaukar da sharaɗi ce. Sai an tantance mutum, an bi tarihinsa tun daga yaye, sannan a ba shi izinin taɓa takardun. Wanda bai sami izinin ba kafin ƙarshen watan gobe, jakarsa zai ɗauka ya kama hanyar gida. Fom ɗin shafi talatin da ɗaya ne. A shafi na sha tara akwai tambaya: an taɓa korarka daga aiki? Na rubuta e. Na rubuta cewa shekara goma sha ɗaya da suka wuce ina aiki a ɗakin kati na asibiti, na fitar da fayil ɗin wani majinyaci ba da izini ba, aka gano, aka kore ni. Layi huɗu ne kacal. Ban ambaci sunan kowa ba, ki kwantar da hankalinki.

Jiya jami'ar da ke tantance ni ta kira ni ofis. Mai Jan Biro muke ce mata a nan, domin ba ta ɗaga murya, sai dai ta ja layi ƙarƙashin maganar mutum. Ashe ta fara zagayen dangi. Ta buɗe littafinta ta karanta min abin da ta samo.

Mama ta ce mata da kaina na ajiye aikin don in ƙaro karatu. Kawu ya ce shugaban asibitin da ƙafarsa ya tako har gida yana roƙo kada in tafi. Tsohon maƙwabcinmu mai gyaran rediyo, wanda na sa a jerin shaidu don na ɗauka mai gaskiya ne, ya rantse mata ban taɓa aiki a asibiti ba, wai ko warin asibiti ba na so.

Ta rufe littafin ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Mutum uku sun ce kai waliyyi ne. Kai kaɗai ka ce kai mai laifi ne. Da wa zan yarda?"

Yaya, kin taɓa ganin mutum yana rantsuwa cewa wallahi korarsa aka yi? Ni na yi jiya, har sau uku. Sauran 'yan ajinmu suna fargabar kada a gano abin da suka ɓoye, ni kuwa ina fama a yarda da abin da na fallasa.

Don Allah ki je wurin Mama da Kawu ki faɗa musu na gode da rufin asiri, amma wannan karon shi ne zai kai ni ƙasa. Idan matar nan ta dawo, su ce an kore ni. Kalma uku ce, ba za ta karya musu haƙori ba. Ke ma kina cikin jerin, za ta zo shagonki. Ki faɗi abin da na rubuta, kada ki ƙara, kada ki rage.

Ki gaishe da Malam da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Auta


Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, kuma ban bari kowa ya ɗora ido a kanta ba. Kowa lafiya. Malam yana gaishe ka. Yara suna tambaya yaushe kawunsu zai zama ɗan leƙen asiri ya dawo da baƙin tabarau.

Yanzu ka faɗa min, wa ya aike ka? Asibitin nan sau biyu ana sayar da shi, an canza masa suna, an canza masa fenti. Shugabanka na ɗakin kati ya daɗe da rasuwa. Takardun zamaninku na tabbata gara ta gama da su. Magana ta mutu an binne ta, kai ka ɗauki biro da hannunka ka tono ta ka kai wa gwamnati a faranti. Tambaya ce mai akwati biyu, e da a'a. Ko 'yar autata da ke aji ɗaya ta san wanda ya kamata a yi wa alama.

Duk da haka na rufe shago na kai saƙonka. Na sami Mama a falo na ce, "Mama, Auta ya ce idan matar nan ta dawo ki ce mata korarsa aka yi." Ta ajiye kofin shayinta ta ƙare min kallo. Ta ce, "Ni in buɗe baki in ce wa baƙuwa an kori ɗana? Sai dai bayan raina." Na ce ai shi ne ya roƙa. Ta ce, "To ba shi da wayo. Tun yana ƙarami haka yake, ya fasa kofi ba wanda ya gani, ya tsinto gutsuren ya kawo min." Abin da ya fi ba ni tsoro, Mama ta maimaita zancen ƙaro karatun nan har ta yarda da shi. Yanzu har sunan kwas ɗin da ka karanta tana faɗa.

Kawu kuwa kada ma ka sa rai. Ya ce shekara talatin ya yi a aikin gwamnati, ba yaro ne zai koya masa yadda ake magana da masu bincike ba, yabo suke son ji. Ya ce in ta dawo zai ƙara mata da cewa har lambar yabo aka ba ka. Na yi magiya, na yi faɗa, ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi. Mai gyaran rediyo ya ce in gaya maka shi abin da Mama ta umarce shi ya yi, kuma ya fi tsoron Mama a kan gwamnati.

Ka ga irin aikin da ka ja min. Ina da labulen wani otal tagogi ashirin da shida da zan kai ranar Asabar, ga ni ina yawo gida-gida ina roƙon mutane su ɓata maka suna.

Matar taka ta aiko cewa ranar Laraba za ta zo. Tunda ka hana ƙarya ba zan yi ba. Amma kada ka ce in zauna a shagona, gaban masu yi min ɗinki, in yi ta tonon silili. Zan ce mata abin ya daɗe, na manta. Mantuwa ai ba laifi ba ce.

Ka riƙa cin abinci, na san halinka in ranka ya ɓaci. Ka huta lafiya.

Yayarka


Yaya,

Salam. Ina fatan kowa lafiya, kuma labulen otal sun isa.

Kin ce za ki ce kin manta. Ba ki gaya min sau goma sha huɗu za ki faɗa ba. Ta ƙirga, Yaya, tana da shi a rubuce. Ta ce kin tuna kalar takalmin da na sa ranar da na fara aikin asibiti, kin tuna sunan direban motar da ke kai ni, amma dalilin da ya sa na bar aikin ya shige miki duhu. Ta ce da ta matsa sai kika ɗauko abin awo kika tambaye ta faɗin tagar ofishinta.

To ga inda muka kwana. Yau ta sake kirana ta ce, "Na yarda an kore ka, ka daina rantsuwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne layi na uku, inda ka ce son sani ne ya sa ka." Na ce ai ƙuruciya ce. Ta ce, "A ɗakin da ke da fayil dubu arba'in, son saninka ya tsallake duka ya sauka kan guda ɗaya. Ka fita da shi daga asibiti, ya kwana a waje, kuma ka ce ko buɗe shi ba ka yi ba. Wane irin mai son sani ne ba ya buɗe abin da ya sato? Don wa ka ɗauka?"

Ta ja jan layi, ina jin ƙarar biron har cikin haƙorina.

Sai ta yi min bayanin da ban taɓa ji ba. Ta ce laifin da mutum ya yi yana da shekara ashirin da biyu ba shi ne ke hana izini ba, sun ba waɗanda suka yi abin da ya fi nawa muni. Wanda suke tsoro shi ne mai wani abu a ɓoye, domin duk ranar da wani mugu ya gano abin, ya sami igiyar da zai riƙa jansa da ita, yau ya ce a ɗauko masa wannan takarda, gobe waccan. Ta ce, "Ka taɓa fitar da fayil don wani ya ce ka fitar. Dole in san wane ne, in kuma san ko har yanzu yana da wannan ikon a kanka."

Yaya, a takarda dai bari in faɗa sau ɗaya. Ke kika aike ni. Fayil ɗin Malam ne, lokacin yana neman aurenki. Kika zo bakin asibiti da tsakar rana kika ce dubawa kawai za ki yi, da safe ki dawo min da shi. Na sa shi cikin riga na miƙa miki. Da yamma aka kawo mai fayil ɗin ba shi da lafiya, aka nema aka rasa, rajista ta nuna hannuna. A gaban kwamiti na ce ni kaɗai ne, kuma har yau ban canza ba. Ban san abin da ke ciki ba, ban kuma taɓa tambayarki ba.

Yanzu shekara goma sha ɗaya ke nan, ga yara uku. Na tabbata kun daɗe da yin maganar ke da Malam, ƙila ma kun yi dariyarta. Izininki kawai nake nema in faɗi sunanki. Minti biyar za ta yi da ke, a rufe zancen, in sami aikina. Saura kwana goma sha tara.

Ina jiran amsa da gaggawa. Na gaishe ki.

Auta


Auta,

Salam. Ka yaga takardar nan da zarar ka gama karantawa.

Malam bai sani ba. Bai san na ɗauki fayil ɗinsa ba, bai san na karanta ba, bai ma san ka taɓa aiki a ɗakin kati ba, tunda Mama ce masa ta yi a ofishin likitoci kake. Dariya kuma? Kai dai komai a wurinka mai sauƙi ne.

Tunda ka ja ni sai na faɗa, to saurara. Wata malama a makarantar da yake koyarwa ce ta raɗa min cewa ya taɓa faɗuwa a aji. Na tambaye shi ya ce jiri ne. Hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na zo wurinka. A bayan shago na karanta, tsakanin bandiran yadi. Farfaɗiya ce, tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. A shafin farko an rubuta da jan tawada sunan wata allura da ba a yi masa, jikinsa ba ya ɗauka. A yammacin nan ya faɗi a tashar mota, mutane suka kai shi asibiti, ba fayil, likitan da ke aiki ya yi masa allurar nan. Kwana tara ya yi a kwance. Ya aiko min cewa ya yi tafiya duba wani kawunsa. Ya dawo a rame, da tsarabar da na san a shagon bakin asibiti ya saya. Na ce sannu da hanya.

Na aure shi da saninna, kuma ban taɓa da-na-sani ba. Na yi ta jira ya gaya min da bakinsa. Wata ya wuce, shekara ta wuce, har abin ya yi nisan da ba a dawowa. Maganinsa yana cikin gidan tsohon tabarau, a bayan littattafan lissafi. Bakwai na safe da bakwai na yamma sai ya ce zai je ya duba tankin ruwa. Tankin nan ya sha dubawa fiye da jariri. Ni ke tuƙa mota, na ce masa ina son tuƙi, alhali Allah ya sani na tsane shi. Idan ya fita ina ƙirga ƙwayoyin, in na ga sun kusa ƙarewa sai in ce, "Malam, ba ka da taro a gari wannan makon?" Ya ce af, na tuna masa. Sau ɗaya ya faɗi a banɗaki, ya ce santsi ne, na yi wa sabulu faɗa.

Mutumin nan duk girman da yake ji a gidansa ya rataya ne a kan cewa ban sani ba. Kana so in zaunar da shi in ce masa shekara goma sha ɗaya ina kallonsa yana zuwa bayan tanki? In ce masa kwana taran da ya kusa mutuwa, takardar da za ta cece shi tana hannuna? Saboda wata mai jan biro tana son cike layi?

Ban ba ka izini ba. Ka ce mata wata budurwa ce ta aike ka, ta bar ƙasar, ko ta mutu. Ka ce mata duk abin da ka ga dama. Aiki ne, Auta. Ka taɓa rasa aiki ba ka mutu ba. Ni gidana ne.

Allah ya ba ka mafita. Ka tabbata ka yaga.

Yayarka


Zuwa ga 'yar'uwar mai neman izini,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina miki godiya bisa lokacin da kika ba ni a shagonki.

Na rubuto ne don in rage mana wahala, ni da ke. Tsofaffin takardun asibitin suna nan a wani sito, cikin kwalaye masu lamba. Na sami takardar korar ƙaninki, kuma a jikinta akwai lambar fayil ɗin da sunan mai shi. Sunan nan yana shafi na shida na fom ɗin ƙaninki, a layin mijin 'yar'uwa. Ban buƙaci wata dabara ba, karatu kawai na yi.

Abin da ke cikin fayil ɗin ba huruminmu ba ne, ban gani ba, ba kuma zan nema ba. Sau huɗu ina tambayar ƙaninki wanda ya aike shi, sau huɗu yana ƙin faɗa, bai kuma ƙirƙiro min wani suna ba, ko da yake na ga alamar an ba shi shawarar hakan. A aikin da yake nema, iya riƙe baki abin so ne. Amma ba zan sa hannu a ba mutum makullin takardun ƙasa ba alhali akwai maganar da zai iya yin komai don kada ta fita.

Takardu biyu za su warware matsalar. Ta farko daga gare ki, mai bayyana abin da ya faru. Ta biyu daga mai fayil ɗin, da sa hannunsa, cewa ya san an fitar da shi, ya san wanda ya fitar da wanda ya sa a fitar. Da zarar ya sani, babu sauran abin da za a tsorata ƙaninki da shi. Ba zan tuntuɓe shi da kaina ba, wannan ba nawa ba ne. Idan takardun ba su iso ofishina kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'a, ashirin da takwas ga wata ba, zan rubuta cewa ban gamsu ba.

A ƙarshe, ina roƙonki ki shaida wa kawunku cewa ya daina zuwa ofishina. Sau uku ke nan, kuma a zuwan jiya ya ce ƙaninki ya taɓa ceton wani likita daga gobara.

Ki huta lafiya.

Jami'ar tantancewa


Yaya,

Salam. Na yaga, kamar yadda kika umarta. Ai na saba yin abin da kika umarta.

Mai Jan Biro ta gaya min ta rubuto miki, ta kuma faɗa min sharaɗin. Kada ki tashi hankalinki. Na rubuta takardar janye neman aikin, tana ƙarƙashin katifata, ranar Juma'a da safe zan miƙa ta. Gara in janye da kaina da a rubuta min "ba a gamsu ba", wanda zai bi ni duk inda na je. Budurwar da kika ce in ƙirƙiro in kashe, ba zan iya ba. Na ga inda ƙirƙira ta kai gidanmu.

Na ji tausayin Malam, na ji naki. Ban san haka kuke zaune ba. Amma akwai layi ɗaya a wasiƙarki da ya tsaya min a rai: wai na taɓa rasa aiki ban mutu ba.

Gaskiya ne, ban mutu ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a shagon fotokofi, ina tsaye gaban inji mai zafi ina buga takardun kama aikin wasu. Duk tallar aikin da na gani sai in fara duba ko suna neman takarda daga wurin aikin baya, in suna nema in ninke jaridar. Duk taron dangi sai Mama ta ce a gaban mutane, "Ga mai karatunmu," ni kuwa in yi murmushi kamar wawa. Matata ta san an kore ni, ba ta san dalili ba, ta ɗauka sakaci ne irin nawa, kuma na bar ta a haka. Wannan ne karo na farko da na sami aikin da na iya, na zo na ɗaya a jarrabawar tsara fayil, na ce bari in shiga da gaskiyata ko sau ɗaya. Ashe gaskiyar ma ba tawa ba ce ni kaɗai.

Ranar da aka kore ni na biyo ta shagonki da takardar a hannu. Kika karanta, kika ninke, kika ce, "Kada ka gaya wa kowa." Shi ke nan abin da kika ce. Daga ranar zuwa yau ba ki taɓa ce min ko sannu ba. Kin yi min ɗinki, kin yi min faɗa, kin zaɓa min mata, amma wannan kalmar ta gagare ki.

Ba roƙonki nake ki gaya masa ba. Na rantse ba roƙo ba ne. Na dai gaji ne da yin kamar ba komai, kuma ke kaɗai ce zan iya gaya wa. Ranar Asabar ina hanya. Ki ce wa Mama ta fara shirya abin da za ta faɗa wa mutane.

Na bar ki lafiya.

Auta


Auta,

Salam. Ka ciro takardar nan daga ƙarƙashin katifa ka yaga. Ga takardu biyun da matar ta nema a cikin ambulan, tawa da ta Malam.

Ranar Talata na gaya masa, bayan yara sun tafi makaranta. Na so ya yi faɗa, bai yi ba. Ya saurara har na kai aya. Tambaya ɗaya ya yi: lokacin da ake yi masa allurar, ina fayil ɗin yake? Na ce a jakata, ƙarƙashin teburin yankan yadi. Ya ce to. Ya sa takalmi ya tafi aiki, daga can ya wuce gidan wansa. Yau kwana biyu.

Ɗazu wan nasa ya kawo takardar, bai ko zauna ba. Malam ya sa hannu inda ake so. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya da ba wanda ya tambaye shi, cewa ba ya riƙe ka da komai, kuma ya shaida kai mai amana ne. Na juya takardar gaba da baya, ban ga inda ya ce wani abu a kaina ba.

Ka kai mata tun da safe, kada ka jira sha biyu. Kada ka zo gida, kada ka rubuto kana ba ni haƙuri. Ni ce ya kamata in ba ka, tuntuni.

Ka riƙe aikin nan da kyau.

Yayarka